Ƙafar Yaya Lawali da Rakiyar Baƙi

Da sunan Allah, mai saukar da cuta, mai saukar da sauƙi.

Na daɗe ina ɗage rubuta wannan labari. Ni ba lokotoro ba ne, wato likita, malamin lakwal ne, makarantar boko, kuma ina tsoron wani ya karanta ya ɗauka magani na rubuta masa. Ba magani ba ne. Abin da idona ya gani ne a jinyar yayana Lawali, a gidanmu na Birni cikin Damagaram, a bazarar da Nasara suka fara ɗaure kayansu za su bar mana ƙasa. Na rubuta ne saboda abokan karatuna da suka hau kujerun biro, wato ofis, kwanan nan, waɗanda nake gani wuyan riga ya fara matse su. Wataƙila abin da ya same mu ba zai same su ba. Duk da haka gara su ji.

Sai in fara da ƙafar, tunda a kanta aka yi komai.

Yaya Lawali ne ɗan fari a ɗakinmu, ya girme ni sosai. A zamaninsa kama yara ake yi a kai su lakwal. Masu hali sukan ɓoye nasu, mu ba mu da halin ɓoyewa, aka tafi da shi. Direktan makarantar mai son ƙwallo ne, kowace safiya sai ya sa su gudu kafin a shiga aji. Nan Yaya ya yi suna. Ba takalmi, kan tsakuwa, amma in ya ɗauki ƙwallo ta gefen dama, manyan mutane ma sukan hau duwatsun bakin fili don su gani da kyau. Ɗan kawunmu Habu na Tirmini, tsaransa kuma taubashinsa, bai shiga lakwal ba. Shi kokawa da langa ya yi a dandali bayan kaka, kamar kowane yaron ƙauye.

Ranar da Yaya ya samu aikin komi, wato magatakarda a biron kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, mahaifin wadda zai aura ya aiko a gaya masa cewa mai albashi ba ya tsayawa gaban jama'a da gajeren wando. Ba wanda ya ga aibin maganar. Ya bar ƙwallo a makon, ya sayi keke. Da aka ƙara masa girma sai motar biro ta riƙa tsayawa a bakin lungunmu, keken ya koma rataye a zaure. Ya yi shekaru tafiyarsa mafi tsawo ita ce daga zaure zuwa masallacin unguwa.

Na yi ta tunani a kan tsaransa. Ba ƙidaya na yi ba, don haka kada a riƙe ni da magana. Amma abin da na lura, waɗanda suka samu albashi duk sun zauna, zaman ne ma alamar sun samu. Waɗanda ba su samu ba, masu dakon buhunan gyaɗa da manoma irin Habu, ba su daina motsi ba, sai dai ba don so ba, kuma aikin yana cin bayansu da gwiwoyinsu. Ƴaƴan manyan fatake kuwa tun suna yara an hana su gudu, wai ba girmansu ba ne. Ban san wanda ya fi wani riba ba. Na dai san ba wanda ya ci gaba da wasa bayan ya yi aure, don a garinmu wasa na yara ne.

Ciwon bai zo ba sanarwa ba, mu ne ba mu kula ba. Yaya ya daɗe yana kukan ciwon ƙeya da ƙarar kunne, yana cewa gajiyar biro ce. Wata safiya yana alwala sai buta ta kuɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya tafi gaba ɗaya. Da muka ɗaga shi bakinsa ya karkace, hannun hagu da ƙafar hagu sun saki kamar ba nasa ba.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, saboda kunyar ɗan fari. Ranar ma ba ta kira ba. Ta tsaya bakin ɗakinta tana cewa, "Sani, ɗaga kan yayanka. Sani, iska ce, kada ku fitar da shi rana." Na ce mata ina jin asibiti ya kamata mu fara zuwa, in ya so a yi na gida daga baya. Ba ta hana ba, na ɗauka izini ne.

A asibiti ƙofa biyu ce: ta ma'aikatan gwamnati, da ta kowa da kowa. Ta farkon muka shiga, kafin hantsi lokotoro ya gan mu. A ɗayar kuwa layi ne tun daga baranda har gindin tsamiya, mutanen Gafati da Mirya, wasu kwance kan zane. Na gode Allah da ƙofarmu, na kuma ji kunyarta. Habu ya gaya min ya taɓa wuni a layin nan da ciwon baya, da la'asar aka ba shi ƙwaya aka ce ya huta da aiki. "Na ce musu to, zan gaya wa gonar."

Lokotoron Nasara ne, dattijo mai saurin fushi, ni nake yi masa tafinta. Ya auna Yaya a damtse, ya ce jininsa ya hau ƙwarai, abin da suke kira tansiyo, kuma shi ne ya fasa wata ƙaramar jijiya a kai. Sannan ya yaye zane ya matsa ƙwaurin hagu, ya tambaye ni me mutumin nan ya yi kafin biro. Na ce ƙwallo ya buga. Ya ce ƙafar nan ta taɓa yin aiki, akwai saura a cikinta, kuma sauran nan shi ne duk abin da muke da shi. Sai ya ɗaga yatsa ya faɗi maganar da har yau take kunnena da faransancinta: "Il fo marshe." Dole ya yi tafiya. Ya ce in muka bar shi kwance har damina ta yi nisa, jijiyar dunduniya za ta tsuke, ƙafar ta lanƙwashe, daga nan babu mai miƙe ta, ko a ƙasarsu.

Na tambaye shi wace irin tafiya, ta yaya. Ya ce, "Ni allura gare ni. Ƙafa taku ce." Ya wuce gado na gaba.

Makonnin farko a asibiti muka yi su. Ina gode wa ma'aikacin jinyar ɗakinmu, wani mutumin Gure mai haƙuri, wanda yake juya Yaya kada bayansa ya yi gyambo. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa a hankali. Ba wanda ya nuna mana yadda ake ɗaga mai shanyewar jiki. Da hannun da ya saki muka riƙa jan sa har kafaɗar ta kumbura, sannan aka ce mana ai ba a haka. Ƙwayar tansiyo ta ƙare a mako na biyu, sai da muka ba direban kamiyo, babbar motar kaya, saƙo ya sayo a Kano, kuma keken da ke rataye a zaure muka sayar muka biya. An hana shi gishiri, matarsa Zuwaira ta riƙa ɗora masa tukunya dabam. Maganarsa ta dawo da wuri, alhamdu lillahi, faɗansa ma ya dawo tare da ita.

Da muka koma gida sai ainihin wahalar ta fara, kuma daga masoya ta zo. Dubiya nake nufi. Tun hantsi zaure yake cika: abokan biro, fatake masu son a tuna da su in an raba muƙamai, ƴan uwa daga ƙauye. Yaya yakan sa babbar riga, a jingina shi da matasai, a ja rigar ta rufe ƙafar. A zaune ba ka cewa wani abu ya same shi. Ana hirar mulkin kai, wa zai gaji wane Nasara, ana ajiye masa kilishi da ƙwai, duk abin da aka hana shi. Kuma duk wanda zai tashi maganarsa ɗaya ce: "Yi zamanka, Komi. Kada ka motsa. Allah ya ƙara sauƙi." Wuni guda ana roƙon sa kada ya motsa, ni kaɗai ke cewa ya motsa, ni kuwa ƙane ne.

Na ce mu gwada a tsakar gida. Ya ce, "In ja ƙafa gaban matata da ƴaƴana kamar akuyar da mota ta taka?" Na ce to a lungu, da sassafe. Ya ce, "Gaban mutanen da ke cire takalmi kafin su shigo birona? Mushe, je ka koya wa yara a-be-se, bar min ƙafata." Mushe ake kiran malamin lakwal a nan, amma in Yaya ya faɗa, ba girmamawa yake nufi ba.

Shawarwari kuwa sun zo kala-kala. Rubutun sha da tofi na karɓa hannu biyu, ban ga inda suka saɓa wa lokotoro ba. Ƙaho na ce a dakata, aka dakata har ranar da na tafi aji. Habu ya zo da tasa dabarar ta ƴan kokawa: a binne ƙafa cikin yashin tsakar rana. Mai yiwuwa tana yi wa masu lafiya aiki. Amma ƙafar Yaya ba ta jin zafi, bai san tana ƙonewa ba, da aka ciro ta dunduniyar ta yi bororo. Wannan kam ina faɗa ba shakka: gefen da ya shanye ba ya sanin wuta, kada a kusanta shi da yashi ko garwashi ko ruwan zafi. Habu ya yi hawaye ranar, shi da ban taɓa ganin hawayensa ba.

Kafin ƙunar ta warke na fara ganin abin da aka gaya mana. In Yaya ya miƙe ƙafafu, ta dama tana kallon sama, ta hagu ta fara sunkuyawa, yatsun suna lanƙwashewa ciki. Da yamma kuma gabas ta fara haɗa gajimare. Ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi, hankalina yana kan dunduniya.

Sai ranar da Malam Ari ya zo. Shi ya koya wa Yaya karatun allo, Babarbare ne, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, kunnensa ya yi nauyi. Ya zauna, ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa, ya miƙe. Da yake ba ya gani sosai, bai tsaya cewa "yi zamanka" ba, ya juya kawai yana laluben takalmansa. Sai na ji an damƙi kafaɗata. Yaya ne, fuskarsa ta haɗa gumi.

"Ɗaga ni," ya ce ƙasa-ƙasa. "Malam zai fita ina zaune?"

Na ɗaga shi. Ya jefa ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Ya sake. Malam Ari yana gaba yana tafiyar tsufa yana ba da labarin wani ɗalibinsa, bai san abin da ake ciki a bayansa ba. Haka muka fita zaure, muka wuce dakali, har kusurwar lungu. Nan Malam ya ce, "To, Lawali, koma haka, Allah ya yi albarka," kamar yadda ya saba. Dawowa kusan ɗaukar sa na yi.

Na yi kwanaki ina juya abin. Tafiya don magani abin kunya ce a wurinsa, don tana nuna shi majinyaci ne. Rakiyar baƙo kuwa ba ta nuna komai sai tarbiyya, kuma mutum ya zauna na gaba da shi ya fita, wannan kunyar ta fi waccan nauyi. Matsalar ɗaya ce: baƙo mai hankali ba ya yarda majinyaci ya raka shi. Ke nan sai in nemo dattawan da za su yarda su yi rashin hankali.

Na fara da wani Alhaji, aminin mahaifinmu, mai sayen fatu a Zango. Na yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Mushe, faɗi abin da ya kawo ka, rana tana yi." Da na faɗa ya riƙe haɓa.

"Wato in zo dubiya, in tashi, marar lafiya ya biyo ni yana jan ƙafa, ban ce masa zauna ba? Gobe a kasuwa a ce da ni me?"

Na ce ina jin za a faɗi magana, ba zan ɓoye masa ba, amma in damina ta same shi a zaune ba zai ƙara tashi ba.

"To zan zo. Amma zan ce zauna sau ɗaya, a hankali, don in samu abin faɗa wa mutane."

Wasu sun ƙi, ban kuma ga laifinsu ba. Malam Ari sai da na ɗaga murya na maimaita, sannan ya yi dariya ya ce, "Ni dama ba na ji. Zan ƙara rashin ji." Na raba musu lokaci, wani da hantsi, wani bayan la'asar. Habu bai girme shi ba, amma taubashi ba ya neman dalili. Yakan tsaya tsakiyar zaure ya ce, "Kai bawana, an ce ƙafarka ta riga ka ajiye aiki. Tashi ka raka ubangidanka, ko in gaya wa Tirmini komi ya zama randa."

"Wanda ya gasa min dunduniya kamar masara ne ke magana?" in ji Yaya. "Jira ni, baƙauye." Sai ya lalubi sanda.

Makon farko iyakarmu kusurwar lungu. Mako na gaba masallaci. Daga nan har gindin babban dutsen bayan unguwa. Kullum ina gefensa na hagu, kuma ni nake dawo da shi, don dawowa ta fi tafiya wuya: baƙo ya tafi, ba sauran wanda ake jin kunya, sai gajiya. Da yamma Inna takan shiga ɗakinsa ta zauna ta kawar da fuska, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana murza ta da man shanu. Ba ta ce masa uffan.

Ni kuwa ta ce min da yawa, don magana ta zaga gari cewa a gidan Komi ba a barin majinyaci ya huta.

"Sani, abin da aka tura ka ka koyo ke nan? Mutum Allah ya kwantar da shi, kai kana tayar da shi? Mata sun ce sun ga yayanka yana jan jiki bakin masallaci kamar wanda ba shi da kowa."

Na ce ina iya yin kuskure, Inna, amma lokotoro ya ce...

"Lokotoron nan shi ya haife shi?"

Duk da haka ban daina ba.

Faɗuwar ta zo ranar kasuwa. Yana raka Habu suna musu a kan wani tsohon ɗan kokawa, sai ya ce yau har rumfunan mahauta zai kai shi. Na ce ina ganin ya yi nisa. Ba su saurare ni ba. Daidai rumfunan, yatsun ƙafarsa ta hagu suka kama dutse, ya tafi ta fuska, ban kai ga tare shi ba. Girarsa ta tsage. Hularsa ta gangara, wani ya ɗauko ya kakkaɓe ya miƙo yana cewa, "Sannu, Komi, sannu," jama'a suka taru kowa da tasa sannun. Ba wanda ya yi dariya. Ina jin da an yi da ya fi masa sauƙi. A bayan Habu ya dawo gida, a goye.

Ya shiga ɗaki ya ce kada a ƙara yi masa shimfiɗa a zaure. Alhaji ya zo, aka ce yana barci. Malam Ari ya zo, aka ce yana barci. Cikin surutun da ya biyo baya wani ya gaya masa yadda aka shirya zuwan dattawan. Ya sa aka kira ni.

"Ashe kai ke aiko min tsofaffi kamar ƙwayar magani, ɗaya da safe ɗaya da yamma?"

Na ce ni ne.

"Ka mai da ni abin kallo a garin da aka san ni da gudu. Fita."

A makon ruwan farko ya sauka. Gari ya yi ta murna, Habu ya kama hanyar Tirmini don shuka. Ni kuwa ƙamshin ƙasa bai taɓa tayar min da hankali irin na ranar ba. Yaya yana kwance, ni ba ni da sauran dabara.

Bayan ƴan kwanaki Inna ta same ni a tsakar gida. Ta tsaya ba ta kalle ni ba.

"Ƙafar ta fara ƙin hannuna," ta ce. "Da yana fita, in na murza tana biyo ni. Yanzu kamar icen tsamiya."

Na ce haka lokotoro ya ce za ta yi.

"Ban tambaye ka lokotoro ba."

Bayan la'asar sai ga ta ta fito da mayafinta na zuwa unguwa, takalma a hannu. Ta tsaya daidai ƙofar ɗakin Yaya, ta ba ƙofar baya, ta ɗaga murya kamar da bango take magana.

"Zan je Zango gaida ƙanwata. Na tsufa, hanya da santsi. Ban sani ba ko a gidan nan na haifi wanda zai taka min."

Na miƙe da sauri. Ta ɗaga min hannu. "Ba da kai nake ba."

Zuwaira ta tsaya da muciya a hannu. Inna ba ta motsa ba, ba ta waiwaya ba. An daɗe. Sai muka ji sanda tana laluben ƙasa, da nishi, da wani abu da ya faɗi a ɗaki. Labule ya ɗaga. Ya fito ba babbar riga, ba hula, tabon girarsa a fili. Inna ta sa takalmanta ta yi gaba a hankali ƙwarai, ya bi ta, na bi shi. Ta gaban mahauta ta bi da mu, ko da yake akwai hanyar da ta fi kusa. Mahautan suka gan mu, suka ga wadda ke gaba, kowa ya sunkuyar da kai kan namansa. Ba wanda ya ce sannu. Ranar bai kai Zango ba, amma ya wuce dutsen da ya kayar da shi. Daga nan Inna ta zama mai yawan zuwa unguwa. Ƴan uwan da ta shekara ba ta leƙa ba duk sai da ta gaishe su cikin daminar nan.

Ba zan ce ya warke ba. Yana ɗingishi, hannun hagu bai dawo duka ba, ƙwaya har yanzu yana sha, gishiri yana satar sa in Zuwaira ta juya baya. Ba ni da tabbacin rakiya ce ta tayar da shi. Wataƙila gudun da ya yi yana yaro ne, wataƙila man shanun Inna, wataƙila duka, kuma Allah ne mai yi. Ina gode wa dattawan da suka bari aka zarge su saboda shi, da lokotoron duk da faɗansa. Abokaina na biro kuwa, ba na cewa ku koma sa gajeren wando, na san surukanku. Amma in ƙeya tana sara muku, ku je a auna ku. In mota ta zo ɗaukar ku, ba laifi ba ne wani lokaci ku ce ta wuce. In kuma kuka je duba mai irin wannan ciwo ya yunƙura zai tashi, ku haɗiye "yi zamanka". Habu da ire-irensa ban san abin da zan ce musu ba. Su ba tafiya suka rasa ba, mai duba su suka rasa, kuma ina fata masu hawa kujerun yanzu za su tuna.

Saura abu ɗaya. Bayan noman farko Habu ya shigo gari sayayya, ya yi shirin komawa bayan azahar. An yi ruwa da safe. Yaya ya ɗauki sandarsa, ni ma na ɗauko takalmana kamar kullum. A bakin zaure ya tokare ni da sandar a ƙirji.

"Ina za ka?"

Na ce zan bi su ne kawai saboda dawowa, tunda ƙasa da santsi, kuma bakin gari da nisa, kuma ina ganin...

"Mushe, ni Habu zan raka. Kai wa za ka raka?"

"Bar shi ya zo," in ji Habu. "In ka faɗi ba zan ƙara goya ka ba, bayana na gona ne."

"Ba zai zo ba," in ji Yaya.

Suka tafi suna zagin juna har suka ɓace a kusurwa. Na zauna a dakali, na tashi, na koma na zauna. Ina ta tuno duwatsun hanya da wuraren da ruwa ke kwanciya. Na yi niyyar bin su daga nesa ta wani lungu, har na sa takalmi ɗaya, sai Inna ta yi gyaran murya. Ban san tana cikin zaure ba. Tana zaune bayan ƙofa tana tsintar wake, a gidanmu kuwa ba a zaure ake tsintar wake ba. Na cire takalmin.

Aka kira la'asar, na yi salla a dakali, ban san abin da na karanta ba. Inuwa ta ƙetare lungu. Sai na ji sandar, ƙwas, da jan ƙafa, ƙwas, da jan ƙafa, tun kafin ya bayyana. Ya shigo lungu shi kaɗai. Laka har ƙwauri, rigar ta jiƙe da gumi. Na duba gwiwoyinsa da tafin hannunsa, ba laka.

Inna ta kwashe wakenta ta shige ciki. Ya iso ya tsaya a gabana yana haki.

"Matsa, Mushe," ya ce. "Ka tare min ƙofa."

Na matsa.